Saƙa da ɗinki na taimaka wa ƙwaƙwalwar tsofaffi, ko rage zaman shiru ne kawai?

Maman Husna:

Assalamu alaikum. Tambayata ga ma'aikatan lafiya da masu sana'ar hannu na wannan zaure. Mahaifiyarmu ta ba shekara 65 baya. Tun da ta fita takaba ta rage magana, a ɗaki take wuni, ga mantuwa ta fara yawa: sai ta ajiye carbi ta yi ta nema, ko ta maimaita tambayar da aka riga aka amsa mata. An ce mu sama mata aikin hannu, wai yana gyara ƙwaƙwalwa. Da ƙuruciyarta ta iya saƙar faifai. Maganar nan da gaske ce? Idan haka ne, da wanne za a fara, kuma tsawon wane lokaci a rana?

Abu Safwan:

Wa alaikumus salam, Maman Husna. Allah ya jiƙan Baba, ya ba Hajiya lafiya.

Maganar tana da tushe, amma amfani biyu ne mutane ke haɗawa wuri guda. Akwai kwanciyar hankali, akwai kuma ƙarfafa tunani, kuma ba irin aiki ɗaya ke kawo su ba.

Kwanciyar hankali daga aikin da hannu ya riga ya saba take zuwa. Mai saƙar faifai tana soka basilla, tana zura kaba, tana ja, tana sakewa. Aikin bai yi wuyar da zai gajiyar da ita ba, bai kuma yi sauƙin da zai bar zuciya ta tafi saƙe-saƙe ba, shi ya sa tunanin da ke cin mai baƙin ciki yake lafawa na ɗan lokaci. A 2016 masu bincike a Jami'ar Drexel ta Amurka sun gwada yawun mutum 39 kafin da bayan minti 45 na zane ko sarrafa yumɓu, suka ga sinadarin kotisol, wanda jiki ke ƙara fitarwa lokacin damuwa, ya ragu a jikin kusan kashi 75 cikin ɗari, kuma gwanaye ba su fi 'yan koyo amfana ba. Mutanen ba su da yawa, kada a ɗora wa binciken nauyin da ya fi ƙarfinsa, amma ya yi daidai da abin da masu saƙa 3,545 suka faɗa a wani nazari da aka buga a Birtaniya a 2013: masu yawan saƙa sun fi cewa suna samun natsuwa.

Ƙarfafa tunani kuwa sai an koyi sabon abu. A Jami'ar Texas da ke Dallas, Denise Park da abokan aikinta sun ɗauki dattawa 221 masu shekara 60 zuwa 90. Wasu aka sa su koyon ɗinkin bargo na harhaɗa ƙyallaye a keken ɗinki, wasu ɗaukar hoto da gyara shi a kwamfuta, wasu duka biyun, kimanin awa 15 a mako har wata uku. Wasu kuma hira da yawon buɗe ido kawai suka riƙa yi, ko ayyuka masu sauƙi a gida. Da aka fitar da sakamakon a 2014, masu koyon sabon abu ne tuna abubuwansu ya inganta, kuma abin ya fi fitowa fili a waɗanda koyonsu ya haɗa da ɗaukar hoto. Dalili a bayyane yake: mai koyo dole ya riƙe umarni a kansa, ya ƙirga, ya gano kuskure, ya tuna darasin jiya.

Saboda haka faifan da Hajiya ta iya zai sanyaya mata rai, da shi ya kamata a fara. Amma idan ana son ƙwaƙwalwa ta yi aiki, bayan mako biyu ko uku a shigo da abin da ba ta taɓa yi ba, ko sabon zane mai launi uku a faifan, ko kuma wata sana'a dabam.

Ma'aikaciyar Jinya:

Kafin a sayi zare, 'yar uwa, a kai ta asibiti. Ba kowace mantuwa ce gigin tsufa ba. Ciwon damuwa bayan rasuwar miji yana kawo mantuwa da rashin magana daidai yadda kika kwatanta, kuma yana warkewa. Haka ƙarancin bitamin B12, da raunin aikin ƙullin wuya da ake kira thyroid (wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo), da ciwon suga da ba a daidaita ba, da wasu magungunan barci. A auna hawan jini, a duba ido da kunne. Tsohuwar da ba ta ji sosai takan janye daga hira, sai a zaci ruɗewa ce. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 da ake iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 cikin ɗari na cutar mantuwa, kuma raunin ji, da raunin gani, da kaɗaici, da ciwon damuwa duk suna ciki.

Ina kuma so in ja birki kaɗan. Akwai binciken asibitin Mayo na Amurka da ake yawan kawowa, na 2011, a kan dattawa 1,321, inda aka ga masu saƙa da ɗinki da karatu sun fi kuɓuta daga raunin tunani na farko-farko da kashi 30 zuwa 50 cikin ɗari. Gaskiya ne, sai dai alaƙa ya nuna, bai nuna sanadi ba. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta fara rauni yakan ajiye saƙa da kansa shekaru kafin a gane ciwon, sai a ƙirga shi cikin marasa saƙa. Aikin hannu taimako ne, ba ya maye gurbin magani, ba ya kuma tsayar da cutar idan ta kama.

Idan ta fara ɓata a unguwar da ta sani, ko ta daina cin abinci, ko tana yawan cewa gara ta mutu ta huta, wannan ya wuce maganar faifai, likitan ƙwaƙwalwa za a gani ba tare da jinkiri ba.

Inna Mai Kwarashi:

Bayanan da ke sama sun wadatar, bari in zo kan yadda za a yi aikin, don a nan ne yawanci ake yin ɓarna har tsohuwa ta ce ba ta so.

Faifai tukuna. A jiƙa kabar a ruwa kamar minti 15 kafin a fara, sannan a naɗe ta a jiƙaƙƙen tsumma ana zarowa ɗaya-ɗaya. Busasshiyar kaba tana tsagewa, tana kuma yankar yatsa. Cibiyar faifai ita ce wurin da ya fi wuya domin zagayen ƙanana ne, don haka wata ta fara mata zagaye uku ko huɗu na farko ta miƙa mata. Idan faifan ya fara lanƙwasowa sama kamar kwano, ja ya yi yawa ko kuma ana ɗora sabon zagaye a saman na baya maimakon gefensa. Idan wani gefe ya fi kauri, ciyawar ciki ce ba a ƙara ta daidai. A riƙa cusa sili biyu ko uku a kai a kai, kada a bari damin ya sirance sannan a ƙara da yawa lokaci guda.

Sabon abin da nake ba da shawara shi ne saƙar kwarashi. A sayi kwarashi mai kaurin milimita 5 da zaren ulu mai kauri, launi mai haske, ruwan ƙwai ko ruwan toka mai haske. Baƙin zare da shuɗi mai duhu suna ɓoye idon saƙa, tsohuwa ba za ta ga inda za ta soka ba. Ranar farko sarƙa kawai za ta yi, wato jerin ƙulli na farko da ake ɗora saƙar a kai, ta yi ta warware, har ƙullin ya daidaita. Bayan nan ta yi sarƙa 21, ta dawo a kanta da saƙa mafi sauƙi, ido 20 a kowane layi, har ya zama ɗan murabba'i na ɗaukar tukunya. Abu biyu ne ke lalata aikin 'yan koyo. Na ɗaya, matse sarƙar farko, sai gindin ya tattare saman ya baje. Maganinsa a yi sarƙar da kwarashin da ya ɗara girma. Na biyu, tsallake idon ƙarshe na layi, sai saƙar ta riƙa tsukewa tana hawa. A maƙala ɗan fil ko wani zare mai launi dabam a idon farko da na ƙarshe, kuma ta ƙirga da baki a ƙarshen kowane layi. Ƙirgar nan kada a yi mata ita, domin a cikinta amfanin yake.

Ɗinkin hula ban ba da shawararsa a farko ba, duk da kyansa. Idanun ɗinkin ƙanana ne ƙwarai, hula ɗaya kan ci makonni, mai raunin gani za ta gaji kafin ta ga sakamako. Ana son abin da za a gama cikin kwana uku zuwa mako guda, a gan shi, a yi amfani da shi.

Lokaci: minti 20 zuwa 30, sau ɗaya ko biyu a rana. Da hantsi ya fi, a zauna a inuwa a tsakar gida inda haske ke zuwa ta bayan kafaɗa, ba da dare a hasken tocila ba. Kujera mai majingina, matashi a kan cinya don aikin ya taso, kada wuya ya sunkuya. Duk bayan minti 20 ta ɗaga kai ta dubi nesa, ta buɗe tafin hannu ta miƙe yatsu. Idan tana da ciwon gaɓɓai, a naɗa tsumma ko roba a mariƙin kwarashin ya yi kauri, ta kuma sa hannu a ruwan ɗumi minti biyar kafin ta fara. Yatsa ya fara dindiris ko wuyan hannu ya yi zafi, a tsaya ranar. Mai ciwon suga kuwa a lura da basilla, tunda rauninta ba ya saurin warkewa.

Kuma don Allah kada jikoki su warware mata aiki a bayan idonta su gyara. Karkataccen abin da ta yi da hannunta ya fi mata miƙaƙƙen da aka yi mata.

Baban Ilham:

Abu ɗaya zan ƙara, shi ne kada ta yi shi ita kaɗai a ɗaki. Iyayenmu mata ba a kaɗaice suke kaɗi da saƙa ba, a tsakar gida ake zama, mazari na juyawa ana hira, haka masu ɗinkin hula suke jeruwa a ƙofar gida. A nazarin 2013 da Abu Safwan ya ambata, masu saƙa a cikin rukuni sun fi nuna jin daɗi da samun abokan hulɗa. A nemo maƙwabciya ɗaya ko biyu sa'anninta, a tsayar da rana biyu a mako, misali Litinin da Alhamis bayan la'asar, kada a bar shi sai an ga dama.

Yadda za a gabatar mata da shi ma yana da muhimmanci. Idan aka ce "Hajiya ga magani saboda mantuwarki", za ta ji an raina ta, ta ture. Gara a roƙe ta: "Hajiya, Husna na son ki koya mata faifai", ko a ce ana bukatar faifai shida na kayan ɗakin wata 'yar dangi. Koyar da jika yana sa ta tuno matakan aikin bi da bi ta faɗe su da baki, wannan kansa motsa ƙwaƙwalwa ne, ga kuma jin cewa har yanzu ana bukatarta. Amma kada a mayar da shi kwangila mai wa'adi, matsin lokaci yana dawo da damuwar da ake son kora.

Rini a bar shi, ko da ta nuna sha'awa, sai dai na baba tsantsa. Na zamani ana haɗa shi da soda mai ƙuna, tana cin fata, tururinta kuma yana damun ƙirjin tsofaffi. A sayi kabar da aka riga aka rina.

Don gane ko abin yana aiki, a sami ɗan littafi a riƙa rubuta abu uku kowane mako: barcinta, cin abincinta, da ko ita da kanta take neman kayan saƙar ba sai an tuna mata ba. A tafi da littafin ranar komawa asibiti.

Maman Husna:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Za mu fara da asibitin. Inna, tambaya ɗaya: Hajiya bahaguwa ce, wadda za ta koya mata kwarashin kuma da dama take aiki. Zai yiwu?

Inna Mai Kwarashi:

Zai yiwu sarai, kada a tilasta mata komawa dama. Maimakon su zauna gefe da gefe, su fuskanci juna gwiwa da gwiwa, Hajiya ta riƙa kwaikwayon hannun da ke daura da nata. Saƙarta za ta tafi daga hagu zuwa dama, ta mai koyarwa daga dama zuwa hagu, amma ƙirgar ido ɗaya ce. Abin kiyayewa kawai, kada mai koyarwa ta karɓi saƙar a tsakiyar layi ta ci gaba da nata hannun, sai an kai ƙarshen layi.