Musayar waƙa: Karisma, jikar gidan Kapoor, gado ne ko gumi?

Malam Iro Fagge

Assalamu alaikum 'yan zaure. Daren jiya na iske jikokina sun yi cincirindo a kan waya suna kallon Raja Hindustani, fim ɗin 1996 da muka kalla tun ba a haifi ko ɗayansu ba. Babbarsu ta ce wai jarumar, Karisma Kapoor, ba ta sha wahalar komai ba tunda 'yar gida ce. Na kwana da maganar. Ga ƙwar biyu, amsa-amon "ba" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Bismillahi, da shi nake buɗe baki,
Sarkin da bai gaji mulkinsa ba.

Gida guda ne a Bambai zan zana,
Kapoor, da bai ɓuya ga mai kallo ba.

Prithviraj ne tushe, daga Peshawar ya taso,
Ubansa ɗan sanda ne, bai gaji fim ba.

Alam Ara, 1931, Indiya ta fara fim mai magana,
Yana ciki, ba a bar shi a baya ba.

Ɗansa Raj ya kafa kamfanin fim na R.K. a 1948,
Awaara ta kai shi Rasha, bai tsaya nan ba.

Raj ya haifi Randhir, shi ya haifi Karisma,
1974, ba a gidan baƙin fim ba.

Ku faɗa min, guminta ne ko na kaka?
Ni dai ban yanke hukunci tukuna ba.

Ɗan Tasawa

Baba Iro, barka da hantsi. Ni ina bayan jikarka.

Baba, ka kawo tambaya da hikima,
Amsarta kuwa tana nan kan tabarma,
Mai uwa a gindin murhu, tun da can ma,
Ba a taɓa ganin ya ci tuwo gaya ba.

Kakanta Raj, baffanta kuma Rishi,
Wanda kuke ce wa "Mace" saboda kyan shi,
Ga Shammi ƙanen kaka, ga kuma Shashi,
Wace ƙofa ce ba za ta buɗe mata ba?

'Yan mata nawa ke sauka tashar Bambai,
Da 'yar jaka da hoto da buri kawai,
Su yi ta zarya ofis-ofis shekara bakwai,
Darakta bai ko ɗaga kai ya dube su ba?

Hajiya Uwani Tudun Wada

Ɗana, ka iya jera baiti, amma ta waje ka leƙa gidan. Mu da muka bi su tun zamanin hayar kaset, bari mu shigar da kai ciki.

Ɗana, murhun da kake faɗi na maza ne,
Tuwon gidan Raj rabon samari ne,
Mace a can, aure da zaman ɗaki ne,
Ba a rubuta mata kyamara a rabo ba.

Babita uwarta jaruma ce ta gaske,
Tana cikin tashe, tauraronta na haske,
Ta auri Randhir, 1971, ga abin da ta iske:
Matar gidan nan ba za ta koma fim ba.

Neetu Singh ma haka, amaryar Rishi,
1980 ta naɗe sana'a ta bi shi,
Shi yana fita ana ta tafa mishi,
Ita sai da 'ya'ya suka girma, kafin nan ba ta dawo ba.

1988 Raj ya rasu, ma'aurata suka rabu,
Babita ta rungumi 'ya'yanta mata biyu,
Lolo da Bebo, ta riƙe su da akwai da babu,
Ba ta tsaya jiran dangin miji ba.

Lolo ita ce Karisma, Bebo kuma ƙanwarta Kareena. Ka kuma duba fim ɗinta na farko, Prem Qaidi, 1991. Ba kamfanin kakanta ne ya yi shi ba. D. Rama Naidu ne ya zuba kuɗi, furodusa daga kudancin Indiya, aka haɗa ta da wani yaro sabon shiga. Su Randhir da Rishi kuwa a ƙarƙashin tutar R.K. aka yi musu fitar sarauta.

Ɗa namiji an shimfiɗa masa darduma,
An buga ganga, an tara taron alfarma,
Yarinya 'yar sha bakwai ta fito ita ma,
Gidan bai buga mata ko kalangu ba.

Nana Zango

Gaisuwa daga Kumasi. Hajiya, kin yi gaskiya, sai dai akwai ɗan gyara kada yara su tafi da shi a karkace. Ana yawan cewa ita ce mace ta farko daga zuriyar da ta shiga fim. Sanjana, ɗiyar Shashi, ta riga ta: ta fito a 36 Chowringhee Lane tun 1981, ta kuma yi Hero Hiralal, kafin ta koma riƙon gidan wasan kwaikwayo na Prithvi a Juhu. Uwarta Jennifer Kendal ma ba ta daina wasa ba bayan aure. Takunkumin ya fi ƙarfi ne a ɗakin Raj.

Hajiya, a gafarce ni, gyara kayanka,
Bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Sanjana ta taka ruwan ta fito da wuri,
Ba ta yi nisan da za ta jiƙe ba.

Karisma ce ta faɗa tsundum ta yi iyo,
Wannan kam ban yi musu da ke ba.

Hajiya Uwani Tudun Wada

Na karɓa, Nana. Sanjana ta shige min.

Malam Iro Fagge

Tunda an zo faɗin gaskiya, bari in faɗi tawa. Ni a farkon nan ba ta burge ni ba. Lokacin da ake ta haɗa ta da Govinda, Raja Babu a 1994, Coolie No. 1 a 1995, akwai waƙoƙin da in suka zo sai na tura yaro ya gaggauta kaset. A Indiyar ma an yi ta cece-ku-ce a 1994, har wata waƙarta ta cikin Khuddar sai da aka sauya mata kalma.

Na gan ta tana tsalle kusa da Govinda,
Na ce wannan ba ta ɗauko kaka ba.

Kuɗi na shiga, sinima na cika maƙil,
Amma girman gidan ban gan shi ba.

Masu zagi suka ce ta zubar da suna,
Ba su ce da baffanni haka ba.

Wannan baitin na ƙarshe yanzu na gane shi, a lokacin ina cikin masu zagin.

Bilkisu Mai Alƙalami

Baba, a yi min afuwa, "ba" ya yi min ƙunci a nan. Zancen rawa zan yi, sai "wa".

1997, Yash Chopra ya zo da fim na rawa,
Madhuri Dixit a ciki, gwanar takawa,
Ana neman wadda za ta kara da giwa,
Jarumai mata suka yi ta zamewa.

Karisma ta karɓa, ta ɗaura ɗamara,
Ta fito a Nisha, mai son da aka ƙaurara,
Tana son Shah Rukh, shi wata yake harara,
Ta haɗiye kuka tana murmusawa.

Fili guda aka ba su, ita da Madhuri,
Ƙafa da ƙafa, babu mai neman uzuri,
A nan sunan kaka ba ya zama asiri,
In ba ki iya ba, kowa na ganewa.

Dil To Pagal Hai ke nan, kuma da shi ta ci lambar yabo ta ƙasa ta jaruma mai taimakawa. Kafin nan Raja Hindustani ya ba ta lambar yabo ta Filmfare. Amma ni inda na sallama mata shi ne daga baya. A Fiza, 2000, 'yar gidan Musulmi ce da ke yawon neman ɗan'uwanta, Hrithik Roshan, wanda ya ɓace a rikicin Bambai na 1993. Sai Zubeidaa, 2001, na Shyam Benegal. Ku ji labarin:

Uba mai harkar fim, 'yarsa na son fim,
Ya hana, ya ɗaure fuska, gida ya yi tsit, ya yi jim,
Aka aurar da ita, zuciya ta cika tim,
Auren bai je ko'ina ba sai watsewa.

Ta shiga gidan sarauta a mata ta biyu,
Rekha ce uwargida, mai riƙe da makullu,
Duk wanda ya san Babita da 'ya'yanta biyu,
Ya san me Karisma take tunawa.

Malam Iro Fagge

Bilkisu, kin karya doka, tarar ki baiti uku a zama na gaba. Amma "jim" da "tim" ɗin nan, 'yata, da ƙyar kika sha.

Ɗan Tasawa

Anti Bilkisu, na yarda da rawar. Hajiya, na yarda gidan bai yi mata rakiya ba. Amma ban sauka gaba ɗaya ba.

Na ji, ba su buga mata ganga a gida ba,
Amma sunan bai bar bayan Karisma ba,
Fim ya faɗi, ba a ce ta koma gida ba,
'Yar talaka ba za a ba ta sau biyu ba.

Kuma ku duba ƙarshen, 2003 ta yi aure,
Tana kan ganiya ta shige ta ja ƙyaure,
Dokar da ta karya ita ta koma ta ɗaure,
Ashe ba ta yi nisa da Babita ba.

Hajiya Uwani Tudun Wada

Baitinka na farko ka ci, ba ni da ja. Na biyun ne ban yarda ba. Ta yi aure da ɗan kasuwa Sunjay Kapur, sun haifi 'ya'ya biyu, sun rabu a 2016, ya rasu a Ingila a 2025. Abin da ya faru a ɗakinsu nasu ne, ba zan sa shi a waƙa ba. Ta gwada dawowa a 2012 da Dangerous Ishhq bai karɓu ba, ta sake fitowa a Murder Mubarak a 2024. In kana son ganin abin da ta bari, dubi ƙanwar.

Kareena ta zo a 2000 da Refugee,
Ta iske hanya an share, babu shinge,
Ta auri Saif, 2012, ba a sa mata takunkumi ba, ba a kange,
Ta haihu, ba ta ajiye sana'a ba.

R.K. ɗin da aka hana mata a Chembur,
Wuta ta ci shi a 2017, ya yi ƙurmus ƙur,
2019 aka sayar, magina suka shiga tuƙur,
Bebo na fim har yau, ba ta tsaya ba.

Malam Iro Fagge

Jikar tawa na gefena tun ɗazu, ta karanta duka. Ta ce har yanzu tana bayan Ɗan Tasawa a baitin 'yar talaka, amma a nemo mata Zubeidaa kafin Juma'a. Bilkisu, ke kika jawo, ke za ki nemo. Baitocin tara kuma ina jira, da "ba".