Don Allah ku ba ni shawara kan tafiyarmu Zanzibar

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 8 da aurenmu ba mu taɓa zuwa ko'ina ba, sai bana Abban yara ya ce mu je Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Kuɗin adashena na haɗa da nasa. Ya ce dole Hajiyarsa ta bi mu, tunda tun rasuwar Baba ko ƙofar gida ba ta leƙawa, ga ciwon gwiwa, kuma ba ta cin abincin da ba ta san hannun da ya dafa ba. Na kama otal a Paje, wani ƙauye na bakin teku, kwana 4, watan Afrilu. Jiya wata ta ce na tafka kuskure, ban yi barci ba. Ni dai burina in ga Stone Town, wato tsohon garin Zanzibar, da gonakin kanumfari.

Anti Babba: Ƙanwata, kuskure kam an yi. Afrilu tsakiyar daminarsu ce, daga Maris zuwa Mayu ake ruwan da suke kira masika. Kuma a Paje in teku ya janye, sai kin yi doguwar tafiya cikin jiƙaƙƙen yashi kafin ki taɓa ruwa, sai dai ki tsaya kallon mata masu noman ciyawar teku. Soke otal ɗin ki koma Nungwi, bakin tekun da ke arewacin tsibirin. Sau biyu na je.

Ummu Sadik: Anti, da tsohuwa ai gara cikin Stone Town. Ga masallatai, ga kasuwar Darajani ta zaɓi kifinta da idonta, da magariba ku zauna a Forodhani inda ake gasa kifi ana matse rake a gabanku.

Anti Babba: Da wace gwiwar? Yawancin lungunan nan mota ba ta shiga, otal-otal ɗin kuma tsofaffin gidaje ne masu tsayin matakala. Yini ɗaya ya isa: ku ga ƙofofin katako masu sassaƙa, ku shiga cocin da aka gina a tsohuwar kasuwar bayi, ku koma.

Uwar Gida: Ni batun surukar ne ya tsaya mini. Da muka je Umara da tawa, ni ce wanki, ni ce tura keke, muka dawo ta ce wa dangi ban kula da ita ba. Har yau abin yana cina.

Maman Biyu: Tawa ba haka take ba wallahi, ita ta riƙe mini tagwaye da na kwanta asibiti. Kuma Anti, Afrilun nan kaɗai Abban yara ya samu hutu, kuɗin otal ba sa mayarwa. A hotunan da na gani ma rana ce tarwai.

Anti Babba: Wa zai ɗauki hoton otal ana tsuga ruwa? Kin ma nemi biza? Mai fasfon Najeriya ba a ba shi a filin jirgi, tun daga gida ake nema. Ga katin rigakafin shawara, ga inshorar dala 44 da suka wajabta wa baƙi tun Oktoban 2024.

Ummu Sadik: Ki sa doguwar riga da mayafi a cikin gari dai, mutanen garin Musulmi ne, suna jin daɗin hakan.

Maman Biyu: Biza na hannun Abban yara. Paje dai mun riga mun biya. Wannan tsibirin Changuu mai manyan kunkuru, Hajiya za ta iya hawa kwalekwalen kuwa?