Wanda ya taɓa hawa Mambila da keke ya zo ya ba mu labari

Abba Gombe:
Assalamu alaikum jama'a. Mu uku ne muke shirin zuwa Gembu, garin da ke saman tsaunin Mambila a jihar Taraba, da kekuna idan damina ta ɗauke. Za mu ɗora su a mota har Jalingo, mu bi ta Bali mu sauka a Serti, daga nan mu fara taka feda. Mafi nisan da muka taɓa yi shi ne Gombe zuwa Kaltungo mu dawo. Kekunan masu giya ne, na gwanjo. Don Allah wanda ya taɓa bin hanyar nan da ƙafarsa nake son ji daga bakinsa, labarin direbobi kam na sha shi a tasha.

Malam Habu Jalingo:
Wa alaikumus salam Abba. Sau biyu na yi ta. Kada Serti ta ruɗe ku, gari ne mai zafi a ƙasan dutse, kuma daga can zuwa Mayo Selbe hawa da gangara ne marasa wahala, har mutum ya fara cewa ashe ma ba komai. Kana wuce Mayo Selbe aikin ke farawa. Akwai hawan da direbobi ke kira Biyu da Sisi, kwana ce bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan. Zuwana na farko na tashi daga Serti da hantsi, rana ta kama ni a tsakiyar hawan, ruwana ya ƙare. Na sa giya mafi sauƙi amma kan keken sai ɗagawa yake, don na jibge kaya duka a kariyar baya. Ƙarshe sauka na yi na riƙa turawa, in yi taku hamsin in tsaya. Wani yaron mota da suka tsaya injinsu ya huce ne ya ba ni ruwa a murfin jarka. Karo na biyu a Mayo Selbe na kwana, na yi sallar asuba na kama hanya, na raba kayan gaba da baya. Kafin azahar ina Maisamari ina shan shayi, gumin jikina ya zama sanyi har haƙorana na haɗuwa. Ku ajiye rigar sanyi a saman jaka inda hannu zai kai.

Oga Ɗanlami mai gyaran keke:
Malam Habu ya faɗi hawa, ni saukowa zan faɗa, don nan ne mutum ke iya rasa ransa. Shekara ashirin ina gyaran keke, amma a gangaren nan sai da na zama ɗalibi. Na damƙe birki tun daga sama ban saki ba. Can cikin wata kwana sai na ji fam! kamar an harba bindiga, tayar baya ta fashe. Robar birki ce ta yi ta gogar rim har ya ɗau zafi, zafin ya shiga tiyub. Da na kai hannu rim ɗin sai da na yarfe yatsu. Allah ya sa ta baya ce kuma ina gefen dutse. Da ta gaba ce da wani ke ba ku labarin nan.

Yadda ake yi, ka matse birki biyun da ƙarfi kafin ka shiga kwana, gudu ya ragu, ka saki ya sha iska. Lokaci-lokaci ka tsaya ka taɓa rim, in ya fi ƙarfin hannu ka zauna ka kalli duwatsu. Kafin ku bar Gombe ku sa sabbin robobin birki da sabuwar waya, ku riƙe wasu a jaka. Tiyub biyu kowa, faci, sholisho, famfo. Wani abu kuma, da yawa daga kekunan gwanjon nan bakin tiyub ɗinsu siriri ne, famfon masu faci na ƙauye ba ya kama shi. Ku duba naku tun a gida.

Abba Gombe:
Subhanallahi. Oga, yanzu na leƙa nawa, siririn ne kuwa. Na gode.

Sule Nguroje:
Ni a can aka haife ni, kuma dariya nake yi in na ji baƙo na cewa ai in an hau sama shi ke nan an huta. Wane hutu? Tsayin Mambila ya kai kamar mita 1,600 daga teku, amma saman ba shimfiɗe yake ba. Tudu ne bayan tudu, ciyawa kore shar, ka gangara kwari ka haye rafi ka sake hawa. Daga Maisamari zuwa Nguroje zuwa Gembu haka za ku yi ta yi. Sai dai iska mai daɗi ce, ƙafa ba ta saurin mutuwa kamar a ƙasa.

In kuna da kwana ɗaya na sarari ku karkata Kakara ku ga gonar shayi, inda ake yin Highland Tea. Da safe hazo na kwanciya a kan layukan shayin, masu tsinka da kwanduna a baya sai kawunansu kake gani. Akwai kuma dajin Ngel Nyaki kusa da Yelwa, amma wannan sai an nemi izini kuma da ƙafa ake shiga. Hanyoyin ƙauye jar ƙasa ce. Da rani ƙura, in ruwa ya taɓa ta kuma santsi kamar an zuba karkashi, laka ta cushe tsakanin taya da birki har wilin ya ƙi juyawa. Ku kula da wayar shinge ta makiyaya, mai ƙaya ce, ta taɓa yage min wando da cinya a gangare. Shanu kuma in sun tare hanya a tsaya musu, kada a yi musu ƙararrawa.

Maman Ilham:
Ban hau da keke ba, amma na yi shekara huɗu a Gembu ina koyarwa, kuma 'yan keke biyu sun taɓa kwana a gidanmu. Ƙanina, sanyin Disamba da Janairu ba irin hunturun Gombe ba ne. Bargo, safar hannu, hular sanyi. Waɗancan bayin Allah da singileti suka iso, sai da maigida ya ara musu riguna muka hura musu gawayi. Ana jin Hausa sosai, amma Fulatanci ne ya fi yawo a kasuwa, ko "jam na" kaɗai kuka iya za ku ga fuska ta sake. Ayaba da fiya da kindirmo suna da araha. In dare ya kama ku a ƙauye ku nemi jauro ku gabatar da kanku. An yi rikici mai muni a yankin a 2017, tun daga nan mutane na son sanin wane ne baƙo da inda ya dosa. Kada ku shiga zancen fili da kiwo, ku ba 'yan gari ba ne.

Baffa Yola:
Ni dai ra'ayina daban. Me ya kai ku hawan? Ku hau mota har Maisamari, ku sauke kekuna ku more saman. Na gwada a watan Agusta, ruwa ya dake ni tun daga ƙasa, hazo ya rufe, ba na ganin abin da ke gabana sai ƙarar manyan motoci masu saukowa. A bayan a-kori-kura na ƙarasa, na rungume keken kamar jariri.

Malam Habu Jalingo:
Haba Baffa, Agusta fa ka ce. Wannan ai kai ka kai kanka. Yaran nan Nuwamba ko Disamba za su je.

Baffa Yola:
Ko a Disamba tirela ba ta san ɗan keke ba, Malam.

Abba Gombe:
Wani abokin tafiyar yana tambaya, za a iya kaiwa Chappal Waddi da keke?

Sule Nguroje:
A'a. Shi ne dutse mafi tsayi a Najeriya, mita 2,419, yana kan iyakar Kamaru a cikin gandun Gashaka Gumti. Tafiyar ƙafa ce ta kwanaki tare da ma'aikatan gandun, ofishinsu na nan Serti inda za ku sauka. Kuma in kun nufi wajen Mayo Ndaga ko Dorofi ku riƙe katin ɗan ƙasa, iyaka na kusa. Yankin ma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1961 ya shigo Najeriya, aka sa wa lardin sunan Sardauna, sunan da ƙaramar hukumarmu ke ɗauke da shi har yau.

Abba Gombe:
Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Mun zauna jiya. Za mu kwana a Mayo Selbe mu hau da asuba kamar yadda Malam Habu ya ce. Saukowa ce ba mu daidaita ba, ni da ɗaya mun ce mota, na ukun ya rantse sai ya gangaro da kekensa. Oga Ɗanlami, in ba damuwa zan haɗa ku ka yi masa bayanin rim ɗin nan da bakinka, ni ya ƙi saurarata.