Ambulan ɗin Bama babu kan sarki: na gaske ne ko jabu?

Jikan Soja: Salamu alaikum. Ga hoton ambulan da muka tarar a adakar Kaka a Daura. Kakanmu ne ya aiko daga yaƙin Bama (Burma), 1944. Wani dillali ya ce jabu ne, wai babu kan sarki.

Ɗan Ƙofar Sauri: Gaskiyar dillali. Tun ina firamare nake tara kan sarki. A wancan zamanin wasiƙa ba ta motsi sai an liƙa mata kan Sarki Joji na Shida. Hatimin ma dubi, ba sunan gari, lamba kawai.

Baba Mai Gidan Waya: Yaro, farar hula kake magana. A lokacin, sojan da ke bakin daga ba ya sayen kan sarki in wasiƙar ƙasa ce, ba ta jirgin sama ba. Ana rubutawa a goshin ambulan cewa yana fagen fama, ta wuce kyauta. Lambar da kake rainawa ta gidan wayar sojoji ce. Da gangan aka ɓoye sunan wuri, kada wasiƙa ta faɗa hannun Japanawa su san inda runduna take. Ɗayan hatimin kuwa na mai tace wasiƙu ne. Hafsa kan karanta, ya sa hannu, abin da bai yi masa ba ya shafe ko ya yanke.

Ɗan Ƙofar Sauri: Allah ya ja kwana, Baba, amma hatimi ai ko a kasuwa a sassaƙa maka.

Malama Tarihi: A sassaƙa don a ci me? Shekarar ma ta zauna daidai: runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma tana kwarin Kaladan na ƙasar Bama a 1944, ta 82 ta biyo baya. 'Yan Arewa cike suke a ciki.

Jikan Soja: Sai dai Kaka ta ce mijinta bai iya boko ba.

Malama Tarihi: Da yawa wani ke rubuta musu, wannan ba hujja ba ce.

Ɗan Ƙofar Sauri: To, ko na gaske ne, ni abin da babu kan sarki ba ya shiga kundina.

Baba Mai Gidan Waya: Ku ne masu jiƙa ambulan ku ɓamɓare kan sarki, ku zubar da hatimi da kwanan wata. Jikana, kada ka sa masa gam ko ka kai a manne shi da roba. Ɗauko mana hoton bayansa, mu ga ko gidan wayar da ya karɓa ya buga nasa.

Jikan Soja: To Baba, bayan la'asar in sha Allahu.