Shawarwarin iyaye da malamai kan walwalar ɗaliban sakandare

Da iyaye da malamai da wasu tsofaffin ɗalibai suka zauna kan halin da yara ke ciki a makarantun kwana, maganar siniyoyi ce ta fi cin lokaci. Kowa ya yarda cewa abin da wasu 'yan aji shida ke yi wa 'yan aji ɗaya cin zali ne: a tashi yaro da tsakar dare ya ɗebo ruwa, a ƙwace garin kwaki da sukarin da mahaifiyarsa ta ƙulla masa, ya haɗiye kukansa don tsoron abin da zai biyo baya. Aka ce a karɓe bulala daga hannun firifet, malamin ɗakin kwana ya riƙa leƙawa da dare ba tare da sanarwa ba, a kuma ware mutum ɗaya da yaro zai kai wa ƙara sunansa bai fita ba. A ganina wannan ta ƙarshen ta fi muhimmanci, domin yaron da aka taɓa tona wa asiri ba zai ƙara buɗe baki ba.

Malamai mata sun nace kan banɗaki mai ƙofa da ruwa, da ajiye audugar mata a wurin malamar da 'yan mata suka saba da ita.

Su kuwa masu fuskantar jarrabawar WAEC da NECO da JAMB cikin 'yan watanni, kada a soke musu wasanni ko a rage musu barci da sunan karatu. Iyaye kuma, ranar ziyara a tambayi yaro ko akwai mai takura masa kafin a tambayi sakamako.