Yadda za a koyar da tarihin bayin gonakin shinkafa na Karolina

Mun zauna da wasu malaman tarihi kan yadda za a koya wa ɗalibai labarin gonakin shinkafa na Karolina ta Kudu da Jojiya a Amurka. Kowa ya yarda kada a fara da auduga, domin shinkafa ce ta fara azurta birnin Charleston na Karolina ta Kudu, kuma tun 1708 baƙaƙen fata sun fi Turawa yawa a Karolina ta Kudu.

Wata malama ta dage a nuna aikin kansa: sare kurmin fadama, haƙa magudanai, gina madatsu masu ƙofofin katako da ke shigo da ruwan kogi idan teku ta cika. Sai surfe da turmi da taɓarya, da sheƙa da faifai. Ta ce a kawo turmi aji, ɗalibi ya yi daka na minti 10 ya ji a tafinsa. Ni dai wannan shawarar ta fi kama ni.

An ja kunne kan tsarin yanka wa bawa aikin yini, kamar noman rubu'in eka, in ya gama ya koma nasa lambun. Kada ɗalibi ya zaci jin daɗi ne. Zazzaɓin sauro na kwashe jarirai, iyayen giji kuwa su tsere gari da lokacin zafi.

Batun ko bayin Senegambiya (yankin Senegal da Gambiya) da Saliyo ne suka kawo fasahar noman, masana na jayayya har yanzu, sai a kawo hujjar kowane ɓangare. A ƙara da boren da bayi suka yi a Stono, kusa da Charleston, a 1739 da al'ummar Gullah, jikokin bayin wannan yanki.