Ƙarfen dafawa a banɗaki: waɗanda suka kafa wa iyayensu, yaya ta kasance?

'Yar Fagge: Assalamu alaikum. Hajiyarmu ta zame a banɗaki ranar Laraba da asuba, ta ɗaga ƙafa za ta wanke wajen alwala. Allah ya taƙaita, gwiwa ce kawai ta kumbura. Abin da ya fi taɓa min zuciya, sai da ta kwana biyu kafin ta faɗa mana, wai kada hankalinmu ya tashi. Muna son a kafa mata ƙarfen dafawa. Don Allah wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Ɗan Tudun Wada: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Hajiya sauƙi. Mu sau biyu muna kuskure. Da farko mun sayi irin wanda ake manna wa tayil ba tare da an huda bango ba. Bai yi wata ba ya saki a hannun Baba. Na biyu kuma mai aikin ya huda ya sa fisha, wato robar da ke riƙe sukuru a bango, ashe a kogon bulo ta faɗa, kullum ƙarfen sai ƙara girgiɗi yake. Sai da aka fasa wurin aka cika kogon da kankare, ya bushe, sannan aka ɗaure. Kafin ki sallami mai aiki, a sa ƙato ya rataya a jiki da dukkan nauyinsa.

Wata 'yar uwa daga Amurka: Ina aikin kula da tsofaffi a nan. Ƙa'idar gine-ginen jama'a ita ce ƙarfen kwance ya zauna inci 33 zuwa 36 daga ƙasa, ya kuma ɗauki nauyin fam 250, wato kusan kilo 113. Amma a gida tsayin mai amfani ake dubawa. Ki shiga da Hajiya, ki ga inda hannunta yake kaiwa da kansa lokacin zama da tashi, a nan za a kafa. Ƙarfen rataye tawul kuwa a cire shi daga kusa, shi tsoho yake fara cafka, kuma ba ya riƙe mutum.

Maman 'Yan Biyu: Surukina yana da shanyewar ɓarin dama, sai muka kafa nasa ta hagu. Mun kuma juya ƙofa ta riƙa buɗewa waje. Domin kafin nan, ranar da ya faɗi a bayanta ya tokare ta, ina jin nishinsa na kasa shiga. Ban manta wannan ranar ba.

Ɗan Damagaram: Namu daɓen siminti ne, gansakuka ce matsalar, duk Juma'a ake kankarewa. Mun sa wa tsohuwarmu kujerar roba mai faɗin ƙafafu, wanka da alwala duk a zaune, ga fitila mai caji a bakin ƙofa.

'Yar Fagge: Na gode, Allah ya saka da alheri. Yau bayan la'asar zan shiga da ita mu auna.